Biri Mai Ganga: Yadda Ake Bin Sawunsa a Kurmin Gashaka



Kowa a nan Malanville ya san biri. Wanda ya taɓa gadin gonar gyaɗa ko ta masara a ƙauye ya san jan biri da ɓarnarsa, wanda kuma bai taɓa barin gari ba ya ga gwaggon biri da sarƙa a ƙugu, masu wasa suna zagaya kasuwa da shi. To akwai wani iri wanda babu shi a dajinmu, wanda Turawa ke ce wa cimfanzi. A rediyo sau da yawa sai ka ji an kira shi gwaggon biri, alhali kowa da gidansu. Gwaggon biri yana da wutsiya da dogon baki irin na kare. Wannan kuwa ba shi da wutsiya ko ta ɗanɗano, gashinsa baƙi ne, kunnuwansa fato-fato, hannuwansa sun fi ƙafafunsa tsawo, kuma babban namiji yakan kai kilo 50 ko ya ɗara. Bahaushe ya ce biri ya yi kama da mutum, to da wannan ya gani da ya ƙara riƙe maganarsa.

Masana sun ce a da akwai shi a ƙasarmu Benin da kuma Togo, amma yanzu ana ganin ya ƙare a duka biyun. Wanda ke son ya je inda yake, kuma ya tarar ana jin Hausa, sai ya tsallaka Najeriya ya nufi gandun dajin Gashaka-Gumti, a jihohin Taraba da Adamawa, kan iyaka da Kamaru. An kafa gandun a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma shi ne mafi girma a gandayen dajin gwamnatin tarayyar Najeriya. A can ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar, mita 2,419. Ana bi ta Jalingo, a wuce Bali, a sauka Serti inda ofishin gandun yake. Nisa kam akwai shi, amma ruwa ya haɗa mu da su. Rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Gashaka suna shiga kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, Binuwai ta je Lokoja ta haɗu da wannan kogin Isa da ke wucewa ƙarƙashin gadarmu ta zuwa Gaya.

Mutanen wannan yanki ne suka raɗa masa suna da Hausa, suna ce masa biri mai ganga. Da wannan suna zan kira shi, don ya fi na Turawa daɗin faɗa, kuma za ku ji dalilinsa nan gaba.

Kudancin gandun ƙasar tuddai ce da kurmi, ruwan saman da ake yi a can a shekara ya ninka namu har da ɗori. Daga ƙauyen Gashaka sai an yi tafiyar sa'o'i a ƙasa, ana hawa ana gangara ana tsallake rafi, kafin a kai wani wuri da ake kira Kwano. A nan ne wani farfesa Bajamushe mai koyarwa a Landan, Volker Sommer, ya kafa sansanin binciken birai a shekarar 2000, tare da mutanen ƙauyukan wurin. Yawancin abin da aka rubuta game da biri mai ganga na Najeriya daga nan ya fito.

Abin da baƙo ya kamata ya sani tun kafin ya ɗaura takalmi shi ne, kurmi ba kamar dajinmu ba ne. A dajinmu, in an ƙone ciyawa da rani, kana hango barewa daga nesa. A kurmi kuwa ganye ya rufe sama ya rufe gefe, abin da ke mita 20 daga gare ka ma ba lallai ka gan shi ba. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a can ji ne ke gaba, sai karanta alamu, gani kuwa sai an yi sa'a. Mutum zai iya kwana bakwai yana yawo bai sa biri mai ganga a ido ba, amma mai jagora ya faɗa masa inda suka kwana, su nawa ne, abin da suka ci jiya da inda suka dosa. Wannan karatun shi ne ainihin aikin.

Darasi na farko shi ne gado. Kowace yamma, in rana ta kusa faɗuwa, duk biri mai gangan da aka yaye yakan hau itace ya yi wa kansa shimfiɗa. Yakan zaɓi inda reshe ya yi gwafa, ya tanƙwaro manyan rassa ya danne da ƙafa, ya saƙa ƙanana a kai, ya tsinko ganye ya lailaye tsakiya. Cikin minti biyar ya gama. Daga ƙasa sai ka ce sheƙar wani ƙaton tsuntsu ce, sau da yawa mita 10 ko fiye a sama. Gobe kuma in dare ya riske shi a wani wuri sai ya yi sabo, ba kasafai yake komawa tsohon ba. Jariri ne kawai ba ya yin nasa, yana kwana jikin uwarsa har ya kai shekara huɗu ko biyar.

To mai bin sawu in ya ɗaga kai ya ga gado, abin da zai fara dubawa shi ne ganyen. In kore ne shar, ga kashi ɗanye da warin fitsari a gindin itacen, na daren jiya ne, masu shi ba su yi nisa ba. In ganyen ya fara yaushi, an kwana biyu. In ya bushe ya yi ja, an yi makonni. In kuma sai ƙirare kawai suka rage, wannan tsohon labari ne. Gadaje shida sababbi a wuri ɗaya na nufin manya shida sun kwana nan, ban da jariran da ke goye.

Da gadajen nan ne ma ake ƙidaya su, tunda dabbar da ke gudun mutum ba ta tsayawa a ƙirga ta. Ma'aikata sukan ja layi miƙaƙƙe cikin kurmi, su bi shi a hankali suna rubuta duk gadon da suka gani da nisansa daga layin. Sauran aikin lissafi ne irin wanda muke yi a aji. A misali kawai: in gado yakan yi kwana 100 kafin ya ruɓe ya ɓace, kuma kowane biri gado ɗaya yake yi a dare, to gadaje 300 a wani yanki ba birai 300 ba ne, birai uku ne. Wanda bai san wannan ba zai koma gida yana cewa daji cike yake da su, alhali saura kaɗan.

Saboda gadon nan ne ake fita tun kafin asuba. In an san inda suka kwana, so ake a isa gindin itacen da sauran duhu, a zauna shiru har su farka. In an makara sun sauka sun watse, sai a koma ga kunne.

Nan ne maganar ganga ta shigo. Kun san yadda gindin rimi yake, da saiwoyin nan masu faɗi da suka tsaya kamar bango. A kurmi itatuwa masu irin wannan gindi suna da yawa. Babban namiji yakan fara da wani kuka a hankali, hu, hu, hu, yana ƙara sauri yana ƙara ƙarfi har ya ɓarke da ihu, sannan ya ruga ya daki saiwar da hannu da ƙafa, dum-dum, dum-dum. Ƙarar tana ratsa kurmi ta wuce kilomita guda. Wanda ya ji daga nesa bai sani ba zai rantse biki ake yi a wani ƙauye. Ba wasa yake ba, sanarwa ce ga 'yan'uwansa cewa ga ni nan, ga inda na nufa. Masu bincike a Yuganda sun gano cewa kowane namiji da irin kiɗansa, kamar yadda a gari ake gane makaɗi tun ba a gan shi ba.

Sanarwar tana da amfani gare su domin ba sa tafiya a dunƙule kamar garken gwaggon biri. Jama'a ɗaya takan kai 30 ko 50, a wasu dazuzzukan har ta haura 100, amma da wuya ka gan su duka wuri ɗaya. Da safe sai su rabu uku-uku, biyar-biyar, uwa da 'ya'yanta su yi nan, maza su yi can, in an sami itacen da ya nuna a sake haɗuwa. Mai jagoran kirki yana riƙe da taswirar itatuwa a kansa, ya san wane ɓaure ne ke nuna a wane wata. Dangin ɓaure, irin su cediya da durumi da gamji da muka sani, suna cikin manyan abincinsu, don haka sau da yawa ba a bin birin, itacen ake zuwa a jira shi.

A ƙasa kuma akwai abin karantawa. In yana tafiya ba ya shimfiɗa tafin hannu, naɗe yatsu yake ya taka da bayansu, don haka a laka bakin rafi za ka ga 'yan ramuka huɗu a jere, bayansu kuma sawun ƙafa mai kama da hannu, babban yatsa ya ware gefe. Akwai kuma abin da ya tauna ya tsotse ya tofar, kamar yadda mai shan rake ke yi. Sai kashi, kuma ku yi haƙuri da zancen, domin a wajen masu binciken nan dukiya ne. Sukan kwashe shi su wanke a rariya, su ga 'ya'yan itacen da aka ci, da gashin dabba in an ci nama, da kawunan kwarkwasa. A Gashaka har ganye sukutum aka riƙa samu a ciki, mai kaushi, wanda aka naɗe aka haɗiye ba tauna. Masana sun ce dabara ce ta kankare tsutsar ciki.

Amma alamar da ta fi burge ni ita ce kayan aiki. Bakin ramin kwarkwasa sai a tarar da sanduna sirara dogaye an zage musu ganye an yar. Biri mai ganga ne ya zo cin abinci. Kowa ya san cizon kwarkwasa, to shi ma ya sani, shi ya sa ba ya sa hannu. Sai ya tsaya nesa kaɗan ya zura sanda, su hau ta da fushi suna cizo, ya zaro ya zuge su cikin baki ya tauna da sauri. Wajen zuma kuwa sanda iri biyu yake nema, mai kauri ta tonon rami ko faɗaɗa kogo, da siririya wadda bakinta ya tarwatse kamar asuwaki, ita yake tsomawa ya lashe. Mai bin sawu yakan tsinci sandunan nan ya auna tsawonsu, ya shinshina, in zumar ba ta bushe ba ya san ba a daɗe da tashi ba.

Wadda ta fara sanar da duniya wannan hali ita ce Jane Goodall, 'yar Ingila, a 1960, a dajin Gombe. Kada ku ce Gomben Najeriya, wannan a Tanzaniya take, bakin tafkin Tanganyika. Ta ga wani namiji yana zura tsinke cikin suri yana zaro gara yana ci. Abin mamaki, a Gashaka ga suri nan ga gara, amma masu bincike ba su sami alamar biran can suna yi musu haka ba. A dajin Tai na Kodibuwa kuma fasa ƙwallo suke da dutse ko guntun icce, su ɗora a kan saiwa su buga, har an tono duwatsun da kakanninsu suka yi aiki da su shekara 4,300 da suka wuce. A Bossou ta ƙasar Gini, da duwatsu biyu suke fasa ƙwallon kwakwar manja. Na Gashaka ba sa yin ko ɗaya. Ke nan kowace jama'a da abin da ta gada, ɗa yana zaune gefen uwarsa shekara da shekaru yana kallo har hannunsa ya faɗa. In jama'a ɗaya ta ƙare, da sana'arta take tafiya.

Na Fongoli a kudu maso gabashin Senegal sun fi kusa da mu a yanayi, don ƙasarsu ciyawa ce da itatuwa jefi-jefi, zafi kuma yana wuce digiri 40. Da rana sukan shiga kogon dutse ko su zauna cikin ruwa su sha iska. A 2007 aka ba da labarin cewa sukan fere bakin sanda da haƙori su soki wata 'yar dabbar dare mai manyan idanu a cikin kogon itace, kuma mata suka fi yi. Wannan ya nuna ba sai ƙurmusasshen kurmi kawai yake iya rayuwa ba, in dai an bar masa itatuwan bakin rafi.

Yanzu a ce an yi sa'a an cim musu. Biran Gashaka ba su gama sabawa da mutum ba, galibi in sun hango ka sai su sulale, abin da za ka gani baƙin baya ne yana shigewa ganye. Kafin jama'a ɗaya ta yarda mutum ya zauna kusa da ita, sai an yi shekaru ana bin ta kullum ba tare da an tsorata ta ba. A Tai sai da aka yi kamar shekara biyar. Shi ya sa masu yawon buɗe ido suka fi zuwa inda aka riga aka yi wannan wahala, kamar gandun Kibale na Yuganda. A can doka tana da tsauri. Ana shiga rukuni-rukuni, mutane kaɗan-kaɗan, tare da ma'aikacin gandu. In an same su sa'a ɗaya kawai za a yi. Ba a matsawa kusa da mita 8 zuwa 10, ba a cin abinci a gabansu, ba a kwaikwayon kukansu, ba a haska musu fitilar kyamara, kuma ƙananan yara ba sa shiga. In namiji ya taso da gashi a miƙe yana jan reshe, ba a gudu, tsayawa ake a kau da ido, don ya fi mutum ƙarfi nesa ba kusa ba. Kuɗin takardar shiga ga baƙon da ya zo daga wata nahiya ya kai dala 250 a 2024. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sayen ƙuli-ƙuli ba, wato sama da jaka 100 na sefa, don kallon sa'a guda.

Dokar da ta fi kowace nauyi ita ce ta lafiya: mai mura ko tari ba ya shiga, mai lafiya ma sai ya rufe hanci da baki. Jikin biri mai ganga yana karɓar cututtukanmu, amma bai saba da su ba. A 1966 shan inna ta shiga biran Gombe, ta kashe wasu ta nakasa wasu. A 2013 murar nan da mu muke sha da shayi mai citta ta kama wata jama'a ta birai 56 a Kibale, biyar suka mutu, kuma bincike ya nuna daga mutane ta fito.

Biyar kamar ba yawa, sai ka san yadda suke haihuwa. Mace takan yi wata takwas da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, ba za ta sake ba sai bayan shekara biyar ko shida. Akuya kafin nan ta cika garke. Don haka duk wanda aka rasa, maye gurbinsa sai an jima. Irin na Najeriya da Kamaru, wanda ke Gashaka, shi ne mafi ƙaranci cikin iri huɗu da ake da su, duka-duka bai kai 10,000 ba. Irin na yammacinmu kuwa, daga Senegal zuwa Gana, an ƙiyasta ya ragu da kashi 80 cikin 100 tsakanin 1990 da 2014.

Abin da ke cin su ba baƙo ba ne a wajenmu. Akwai tarkon waya da ake ɗana wa gada, ya kama hannun biri ya guntule shi. Akwai saran itace, musamman madobiya, wadda a nan Benin 'yan katako ke kira koso, da aka yi ta lodawa zuwa Caina daga ƙasarmu har Taraba. Akwai masu haƙar ma'adinai, da wutar daji da ke cin bakin kurmi kowace shekara. Sannan akwai masu sayen jariri don ajiyewa a gida. Uwar ba ta sakin ɗanta da rai, saboda haka duk ɗan birin da ka gani a keji ko a kafaɗar wani, ka san an harbe uwa kafin a ɗauko shi, wani lokaci har da waɗanda suka tsaya kare ta. Abu ɗaya da masu bincike suka ce ya taimaki biran Gashaka shi ne yawancin mazauna wurin Musulmi ne da ba sa cin naman biri, mafarautan da ke nemansa galibi daga wasu wurare suke shigowa.

Su wa ke wannan karatu na gado da sawu da sanda? Sunan farfesa ne ke fitowa a littafi, amma wanda ke gaba a hanya ɗan ƙauyen ne, wani ma tsohon maharbi ne da ya ajiye bindiga ya karɓi albashi. Yanzu an ƙara musu da na'urar nuna wuri da kyamarorin da ake ɗaurewa jikin itace su ɗauki hoton duk abin da ya gifta, amma sai wanda ya san hanyar dabba ne zai san itacen da za a ɗaura wa.

Irin wannan sani muna da shi a gida. Gandun W da ke yamma da mu, wanda aka kafa a 1954, ya ratsa Benin da Nijar da Burkina Faso, kuma sunansa daga lanƙwasar da kogin Isa ya yi ne mai kama da wannan harafi. Babu biri mai ganga a ciki, amma akwai giwa da ɓauna da zaki da gwaggon biri da jan biri. Mushen daji da tsofaffin mafarauta na wajen Karimama da Alfakoara, da Fulanin da ke kiwo a gefen gandun, suna duban kashin giwa su faɗa maka ko na safe ne ko na jiya, su dubi reshen da aka karya su ce ga inda garke ya dosa. Tun 2020 ƙungiyar African Parks ke kula da ɓangaren Benin. Sai dai tun Fabrairun 2022, lokacin da nakiyoyin da 'yan bindiga suka binne suka kashe ma'aikatan gandun da ke sintiri, zuwa kallon namun daji a can ya tsaya.